Saƙon Ɗan Rami da Na Riƙe Shekara Tara

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ko kana sama cikin gajimare ka buɗe ta, ko sai ƙafarka ta taka ƙasar Meksiko. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da irina lokacin da nake da ƙuruciya.

Na ce wa Innarka ta soke ta a aljihun da ka ajiye fasfo, don na san nan ne kaɗai hannunka zai riƙa komawa. Kar ka yi mamakin ganin rubutuna. Na san ka ɗauka iyakar abin da na iya shi ne rubuta sunan mai kaya a jikin buhu.

Ina zaune ne ƙarƙashin ɗorawar gonarmu ta gabas, bayan la'asar. Zoborodo ya nuna, gonar ta yi ja tun daga kan iyakarmu har zuwa ta su Malam Iro, in iska ta kaɗa sai ka ga kamar garwashi ne ke numfashi. Ina kallonsa ina cewa a raina, wannan furen ya riga ni zuwa inda za ka, shekara da shekaru yana zuwa, bai taɓa dawowa ya ba ni labari ba.

Jiya Innarka ta gaya mini abin da ka faɗa wa Kawunka Sale. Wai wata shida za ku yi kuna koyon Sifaniyanci kafin a bar ku ku fara karatun sarrafa abincin da ya kai ku, sannan a yi muku jarrabawa. Wai ka ce in ka faɗi ba za ka sake zama ba, za ka tattara ka dawo, "tunda Baba ma bai taɓa cewa zan iya ba." Ta faɗa mini tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba. Ni kuma na ɗauki hulata na fita. Amma maganar ta bi ni har masallaci.

Gaskiya ka faɗa. Ban taɓa ba. Kai ɗan fari ne, mu kuma haka muka tashi muka gani: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa. Kakarka ce ta goya ka, ni kuwa "kai" nake ce maka, in ina maganarka da wani in ce "ɗan gidan nan." Sannan ga sana'a. Dillali a kasuwar Dawanau da kushe yake cin abinci. In ka ga kaya ya yi maka, sai ka ɓata fuska, ka ɗiba ka watsar, ka ce ina laifi dai. Na yi shekara talatin ina haka, har fuskar ta saba, na zo da ita gida. Kunya ta rufe mini baki ta dama, kasuwa ta rufe ta hagu.

To da Hausa na kasa. Bari in gwada da harshen mutanen da za ka je wurinsu, tunda a cikinsa ba ni da surukai.

Kana iya tuna Ɗan Rami? Baturen Meksikon nan gajere mai tumbi da yake zuwa sayen zoborodo duk kaka, mai malafar kaba. Don Ramiro ne sunansa, 'yan kasuwa suka gyara masa shi. Turancinsa na ɗingishi, nawa na rarrafe, haka muke lallaɓa juna har ciniki ya faɗa. Shi ya gaya mini a can zoborodo "hamaika" suke ce masa, kuma kowane lungu ana sayar da ruwansa da ƙanƙara. Duk kalmar da ya faɗa ta yi mini daɗi sai in miƙa masa bayan kwalin sukari ya rubuta. Kwalin yana nan cikin akwatin ƙarfena, daga shi nake kwafo maka, harafi bayan harafi, har da wata alama da suke kifawa a farkon magana kamar an jingine taɓarya.

Ta farko a kwalin ita ce ¡Ánimo! Ana jan farkon, a-nimo. Ma'anarta kusan ka ce ƙarfafa zuciya, tashi tsaye. Ranar da na fara jin ta ranar kunyata ce.

Wata shekara na ga zoborodon da na tara ya bushe ƙayau, ba nauyi. Sai shaiɗan ya ba ni shawara, ni kuma ban yi masa gardama ba. Na yayyafa ruwa a tsakiyar buhuna, na rufe da busasshe a sama. Ɗan Rami ya zo, ya gaishe ni, ya naɗe hannun riga, ya zura hannu cikin buhu har gwiwar hannu. Ya zaro, ya dunƙule, furen ya manne a tafinsa kamar tuwo. Alhaji Ɗanjuma na rumfar kusa shi ya yi magana, da ƙarfi yadda duk layin zai ji:

"Malam Habu, ikon Allah! Damina ta wuce ko'ina, ta maƙale a buhunka?"

Aka fashe da dariya har masu ɗinkin buhu. Aka mayar mini da kayan kaf. Kwana huɗu ban leƙa kasuwa ba, na ce wa Innarka zazzaɓi ne. A rana ta biyar na je na zauna bayan sito inda ba mai ganina, ina tunanin in koma noman gero in huta. Sai ga malafar nan ta leƙo. Ya zauna kusa da ni a kan buhu, ya daki kafaɗata da tafin nan nasa mai kauri, ya ce, "Ánimo, Habu." Sannan ya nuna rana, ya nuna buhun, ya ce, "Otra vez." Wato a sake. Na shanya kayan sati guda, ya dawo ya zura hannu, ya saya.

Ka ga, bai ce mini ban yi laifi ba. Ya ƙi kayan, amma bai ƙi ni ba. In takardar jarrabawarka ta dawo da jan biro, takardar aka ƙi. Ka shanya ta a rana ka sake kawowa. Kuma don Allah kar ka yayyafa wa karatunka ruwa. Kar ka kwafi na wani, kar ka ce ka gane abin da ba ka gane ba. Ko'ina akwai mai zura hannu har gwiwa.

Ta biyu, poco a poco, wato kaɗan-kaɗan. Wannan da na san ta ina aji uku na sakandare, da yanzu wataƙila ni ne a jirgin. Ban taɓa gaya maka dalilin barina makaranta ba, na bar ku kuna cewa talauci ne. Ba talauci ba ne. Lissafi na faɗi, sau ɗaya tak. Malamin yana karanto sakamako daga sama zuwa ƙasa, ina jira, ina jira, har ya zo ƙarshe ya kira ni, yara suka yi tafi. Ranar Juma'a ce. Ranar Asabar na hau bayan motar dawa zuwa Dawanau, ban sake komawa ba. Abin dariyar, yau in an jibge buhu ɗari a gabana, kafin mai na'ura ya gama latsawa na ba shi amsa. Ashe kan yana nan, haƙurin ne babu.

Ɗan Rami kuwa gaisuwa ɗaya yake koya a rana. Yau "ina kwana," gobe "ina gajiya." Ya yi sati yana ce wa mutane "ina kwana" da la'asar sakaliya, ana dariya, shi ma yana dariya, yana ɗaga yatsa yana cewa poco a poco. Kafin shekara uku sai ga shi yana ce wa Alhaji Ɗanjuma, "Haba Alhaji, ka ji tsoron Allah." To kai ma kar ka tsaya a aji kawai. Harshe a kasuwa yake kwana. Ka je wurin mai sayar da tumatir, ka taya, ka yi kuskure, ta yi maka dariya, ka koma gobe. Wanda aka yi wa dariya ba ya mantuwa. Kai kuwa na san ka, in ba ka tabbatar magana ta daidaita ba sai ka haɗiye ta. Wannan halin a wurina ka gada, ka bar shi a filin jirgi.

Akwai wadda na ɓata da hannuna, ita ce tú puedes, za ka iya. Ta yi mini daɗin faɗa, sai na mayar da ita kayan aiki. In mota na jira, 'yan dako sun gaji, sai in tsaya ina tafa hannu ina cewa, "Tu fuwedes! Tu fuwedes!" suna dariya suna ƙara sauri. Wata rana Malam Iro, maƙwabcin gonarmu, lokacin yana dako, ya ce mini bayansa na ciwo. Na ce, "Haba zaki, buhu biyu ne fa suka rage, tu fuwedes." Ya ɗauka. Wata uku ya yi a kwance, kuma har yau in zai tashi daga tabarma sai ya dafa bango. Ya yafe mini, amma duk ranar da na gan shi yana dafa bangon nan sai na kau da kai.

Don haka ka riƙa duba bakin da kalmar ta fito. In mutum ya ce maka za ka iya, dubi hannunsa. In yana ɗora maka kaya ne, ka ce masa sai gobe. In yana taya ka ɗagawa ne, wannan ka riƙe shi. Kai ma kar ka faɗa wa kowa ita sai ka auna ka ga zai iya ɗin. Kuma in ka ga wani baƙo a ajinku ya zauna bayan sito kamar yadda na zauna, ka je ka dafa shi. Ba a biyan ko sisi a kanta.

Ka san wani abu? Ban taɓa ganin teku ba. Amma sau da yawa in an rufe kwantena a Dawanau, sai in bi ta a raina. In ga ta gangara kudu, an ɗora ta a jirgin ruwa, ruwa ta ko'ina shuɗi kamar an kifar da sama, furen gonarmu na kwance cikin duhu yana jin ƙamshin kansa. In ga an buɗe ta a wani gari mai duwatsu, wata mata mai kitso biyu ta ɗiba ta zuba a tukunya, ruwan ya yi ja a hankali. Yanzu mafarkin ya ƙaru. Ina ganinka ka fito daga aji da rana, kanka ya yi zafi da kalmomi, ka tsaya a wata rumfa ka ce a ba ka hamaika. Ka kurɓa, ka tsaya kana kallon kofin. Mai rumfar ta ce lafiya? Kai kuma ka ce mata, da harshenta, ba tare da ka laluba ba, "Wannan daga gonar babana ne, ta gabas, kusa da ɗorawa." Ta ɗauka wasa kake yi. Wannan wurin nake so ka kai, inda za ka iya yi wa mai rumfa gardama.

In suna irin wannan fata sai su ce ojalá. Ana faɗinta ohala. Ɗan Rami ya ce mini asalinta daga Larabawa ne, sunan Allah ne a ƙarshenta, sun riƙe ta shekaru aru-aru ko da yawansu ba su san me suke riƙe da shi ba. Ranar da ya faɗa mini na ji kamar na tsinci ɗan'uwa a tasha. Ka ga ke nan ba inda za ka je ka tarar Allah bai riga ka ba. Ka riƙe sallarka, ka nemi alƙibla tun ranar farko, ka tambayi abin da ke cikin tukunya kafin ka sa hannu. In gari ya yi maka ƙunci, akwai wadda suke faɗa wa juna, todo va a salir bien, komai zai zo da sauƙi. Ka faɗa wa kanka, ka ƙara da in sha Allahu, maganganun biyu ba za su yi faɗa da juna ba.

Yanzu saura wadda ta sa na ɗauki biro.

Kana da shekara goma sha shida, ka dawo hutu, ka ce yashi ne ke ɓata mana zoborodo saboda a ƙasa muke shanya. Ka sari kara, ka kafa gado mai tsayi a bayan gida, ka shimfiɗa tsohon gidan sauron Kakarka a kai, ka shanya rabin buhu. Kwana shida kana juya shi da hannu, kana korar kaji. Ya bushe ja wur, ba ƙwayar yashi ko ɗaya. Ka ɗauko shi da kanka a bayan keke har bakin titi, ka biyo ni Dawanau, ka ajiye a gabana a rumfa, ka tsaya kana kallon ƙasa.

Wallahi tun kafin in taɓa na san ban taɓa ganin irinsa ba. Amma Alhaji Ɗanjuma na zaune, da wasu mutum huɗu. Ɗan fari a tsaye, kaya mai kyau a gaba. Hannuna ya yi abin da ya saba. Na ɗiba, na watsar, na ce, "Wannan wasan yara ne. Kwana shida a kan rabin buhu? Je ka gida." Ka ce to. Da yamma na dawo na tarar ka rushe gadon, Innarka na hura wuta da karan. Daga ranar ba ka sake taka Dawanau ba, kuma ba ka sake kawo mini wani abu ka ce in duba ba.

Abin da ba ka sani ba shi ne, kana fita da kamar awa ɗaya Ɗan Rami ya iso. Ya ga rabin buhun a gefe. Ya zura hannu yadda ya saba, ya zaro, ya ɗaga furen yana kallonsa ta hasken rana. Ya sa ɗaya a baki ya tauna, yana jiran yashi ya yi masa ƙaras, shiru. Ya dube ni ya ce da Hausarsa:

"Habu, wane ne ya yi?"

Na ce, "Wani yaro ne a ƙauyenmu."

Ka ji fa. Wani yaro.

Ya ce in kawo kwali. Ya rubuta layi biyu, ya ja musu layi a ƙasa, ya riƙe hannuna ya ce wannan ba nawa ba ne, na yaron ne, in kai masa. Na ce to. Na zo gida, na gan ka zaune a zaure kana gyaran fitila, na wuce ka na sa kwalin a akwati. Na ce gobe. Kowace kaka in ya zo sai ya tambaye ni, "Yaron fa?" in ce yana gaishe ka. Har ya daina zuwa, ƙafa ta hana shi tafiya, ɗan'uwansa ya karɓi cinikin. Ni kuwa a shekara ta biyu na sa aka kafa gadajen kara goma sha biyu a gonar Kawunka Sale, inda ba za ka gani ba, kuma da su na yi suna a layinmu. Kowa na cewa dabarar Habu. Na karɓi yabon ban yi tari ba.

Shekara tara ke nan. Na taɓa riƙe kayan mutane, amma ban taɓa riƙe amana ta daɗe haka ba. Ga saƙonka, yadda ya rubuta:

Sigue adelante. No te rindas.

Ci gaba da tafiya. Kada ka sare.

Ba don jarrabawar Sifaniyanci ya rubuta ba, amma na ga kamar ita ya hango. In ka faɗi a zaman farko, ka nemi bayan sitonka ka zauna, kwana huɗu na ba ka, daidai da nawa. A na biyar ka tashi ka je ka ce musu otra vez. In ka dawo gida da jakarka saboda faɗuwa ɗaya, ba zan ce maka komai ba, ka san ni. Amma zan san ni na rushe gadon nan karo na biyu, kuma ban san inda zan kai wannan ba.

Akwai layi na ƙarshe a kwalin, can ƙasa inda ya fara yagewa. Wata rana Ɗan Rami ya nuna mini hoton 'yarsa a waya, ta gama makaranta, sanye da baƙar hula mai tuntu. Esperanza sunanta, ya ce ma'anarsa fata nagari, kamar dai mu ce Buri. Ya sumbaci wayar a gaban mutane, ko kunya babu. Na ce masa, ku me uba yake ce wa ɗansa a irin wannan rana? Ya rubuta. Ya ce, "Kana da ɗa, Habu?" Na ce ina dai tambaya ne.

Na yi ta maimaita ta a kan babur tsakanin Dawanau da gida, hular kwano a kaina, ba mai ji. Na faɗa wa gonar nan ita ta fi sau ɗari. Ma'anarta ba zan rubuta maka da Hausa ba, hannuna ba zai yarda ba. Iyakar abin da zan ce, magana ce ta uba mai alfahari da ɗansa. Ka koyi harshen ka fassara da kanka, kuma in ka tashi ba ni amsa, da shi nake so, zan nemi mai karanta mini.

Estoy orgulloso de ti, Auwalu.

Ka ga na rubuta sunan. Na duba hagu da dama, ba kowa sai ɗorawa da akuyar Malam Iro.

Rana ta yi ƙasa, jan gonar ya fara komawa baƙi-baƙi, zan tashi in kama alwala. Innarka na gaishe ka, ta ce yajin da ke cikin gwangwanin madara kar ka ba kowa. Allah ya sauke ka lafiya, ya buɗe maka ƙirji, ya sassauta maka harshe. Allah ya tsare ka daga sharrin ruwa da na tudu, da sharrin mai daɗin baki. Ya dawo mana da kai a lokacin da ya dace, ba kafin nan ba. Ojalá. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Habu Dillali